Neman Namijin Tsutsa a Bayan Pitowa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. In na fito majalisa bayan la'asar, kafin in shimfiɗa buzuna wani zai ce, "Alhaji Inuwa, wai da gaske ɓeraye ka je kamawa?" Na gutsura wa wannan, na gutsura wa wancan, har labarin ya zagayo ya same ni da kuraye a cikinsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, har da wuraren da ban yi kyan gani ba.

A Garwa aka haife ni. Kakanmu Bakano ne, fataucin goro da tufafi ya kai shi can, ya ga kogi, ya ajiye kaya. Ina saurayi mahaifina ya rasu muka komo Kano, daga nan kuma ƙafa ta ɗauke ni: Kumasi, Agadas, Njamena, Hartum, har Makka. Fulatanci da nono na sha shi, Faransanci a tashoshin mota na tsinto shi, Larabci a hanyar hajji. Amma Garwa na fi shekara talatin ban sake taka ta ba, sai da Hajara ta zo gaishe ni wata Juma'a.

Hajara 'yar ƙanena ce marigayi, malamar jami'a, aikinta binciken tsutsotsin da ke zaune a cikin dabbobin dawa. Bayan ta gaishe ni ta fito da wata 'yar kwalba kamar ta turare, a ciki wasu jajayen abubuwa kamar guntayen zaren lilo.

"Baffa, shekara uku ke nan da na samo waɗannan a hanjin gafiya, a dutsen bayan Pitowa, kusa da Garwa. Na duba littattafai, na aika wa masana zane, ba wanda ya san su. Amma duk mata ne."

"To ai mata sun fi albarka."

"A aikinmu ba za a yarda da ni ba sai na kawo namijin. Matan wannan dangi kusan kamarsu ɗaya. A wutsiyar namiji ake gane wannan daban, wancan daban. In ba shi, ba suna."

An ba ta izinin kama gafiya na kwana goma, daga ranar da ta tsallaka iyaka ta shiga ƙasar. Ta ce da ƙyar ta samu, kuma ba ta sa ran za a sake ba ta. In kwanakin suka ƙare ba namiji, kwalbar nan za ta zauna a kan kanta, aikin shekara uku ya tafi a banza. Ita Hausa da Turanci kawai take ji, tafinta take nema. Na ce mata ta samu. Ni Garwa na hango, ban tsaya tunanin irin maganar da za a sa ni in fassara ba.

Hanyar Bauchi da Gwambe da Numan kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. A Jimeta muka bar mota, domin damina ta ja jiki amma Binuwai na cike, ana hawa kwale-kwale mai inji har Garwa. Muka shiga tsakanin tulin robobi da katifu da matan fatake masu goyo. In ka saba da mota, tafiyar ruwa kamar gyangyaɗi take. Gaɓa tana wucewa a hankali, shanu a tsaye cikin ruwa har ƙirji, wata tsohuwa kusa da ni tana ta ɓare gyaɗa tana miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Can matuƙi ya rage wuta ya nuna wani baƙin dutse a tsakiyar kogi. Dutsen ya buɗe ido, ya kaɗa kunne, ya nutse. Rabona da dorina tun ina riƙe da gefen rigar mahaifina.

A kan iyaka aka sauke mu a ƙarƙashin wata rumfar kara. Jandarma ya buɗe akwatin Hajara ya ga kwalabe cike da sifirit, wanda take jiƙa tsutsotsi a ciki don kada su ruɓe. Ya cire murfi ya shinshina, ya dubi farin gemuna, ya dubi carbina, ya sake shinshinawa.

"Alaji, mene ne wannan?" Da Faransanci ya tambaya.

"Kayan asibiti ne. 'Yata likita ce."

Ya ga takardu daidai, ya buga hatimi. Da muka koma jirgi Hajara ta ce, "Me ka gaya masa, Baffa?"

"Na ce ke likita ce."

"Ni fa ba likitar mutane ba ce."

"Ai bai tambayi ta su wa ba."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Da mun sani, a nan ya kamata ta ja mini kunne.

Garwa ta karɓe mu da zafin da na manta da shi, irin wanda ke tasowa daga ƙasa ya kama ka a agara. Mun sauka a gidan Alhaji Sale, abokin yarintata, wanda har yanzu yake kan sana'ar kakanninmu ta atamfa. Hausarsa ta ba Hajara wahala a ranar farko, domin jimla ɗaya zai fara ta da Hausa, ya ratsa ta Fulatanci, ya ɗaure ta da Faransanci, kamar igiya mai riɓi uku. Maiɗakinsa, Hajiya Dudu, ta yi mana tuwon jar dawa da miyar tasba. Hajara ta yi loma uku tana santi, ta ce wane ganye ne wannan. Na ce tafasa ce, wadda kuke wucewa a bakin hanya kuna ƙyamar warinta. Da safe kuma burodi ne dogo kamar taɓarya, kowa ya saƙale nasa a hammata yana tafe. A Hartum wake ake karyawa da shi, a Kumasi koko, a nan kuwa sai ka yi kokawa da ɓawon burodi kafin ka kai ga taushinsa.

Kwana biyu muka yi muna zarya a wani ofis don a sa wa takardar izini hannu. Lokacin ƙasar na cikin matsi, tun faɗuwar darajar kuɗinsu na sefa ma'aikata suka koma haɗa aikin ofis da noma, mai sa hannun ya tafi duba gonarsa. Ba mu ga laifinsa ba, amma kwanakinmu ne ke tafiya. A jiran nan na ɗauki Hajara na kai ta unguwarmu. Gidan mahaifina ya zama shagon tela. Darbejiyar ƙofar gida tana nan, ta yi kauri ta tsufa kamar ni. Na tsaya a inuwarta, sai na ji kamar in na juya zan ga jakuna an sauke musu huhun goro, mahaifina na zaune yana warware rawani. Na juya, ba kowa sai masu babura suna jiran fasinja.

Rana ta huɗu muka kama hanyar Pitowa a wata tsohuwar tasi da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Auduga ta fara fashewa a gonaki, fari fat dama da hagu, ga dutsen Tengelin a shimfiɗe a gaba, samansa a baje kamar an daidaita shi da wuƙa. Daga Pitowa muka ratse zuwa wani ƙauye a gindin dutsen. Direba ya ce lallai ya juya da rana tsaka, saboda masu tare hanya da suke kira zargina.

Mai garin, wanda suke ce wa Jauro, tsoho ne tukuf, siriri, da murya kamar ta mai jin barci. Gaisuwarsu ba irin tamu ta Kano ba ce da ake ɗaga murya a ji ka daga ƙofar gari. Kowa ya sunkuyar da kai, ana jam, jam, ƙasa-ƙasa, a tambayi jikinka da gidanka da shanunka da gajiyarka, a tsaya, a sake komawa farko. Da na faɗi sunan mahaifina sai tsohon ya ɗago ido. Ashe a zauren nan mahaifina yake sauka in ya zo sayen gyaɗa. Jauro ya ce, "A nan yake zama, inda kake zaune. Mutum ne mai kamun kai. Ban taɓa jin ƙazamar magana a bakinsa ba." Ya sa aka share mana ɗakuna biyu, aka kawo ƙwaryar kindirmo.

Hajara ta zo da tarkuna shida na ƙarfe. Ta ɗana su a bakin ramuka da gyaɗa a ciki, gafiya ta ji warin sabon ƙarfe ta ƙi kusanta. Safiya ta fari muka samu jaɓa ɗaya da kwaɗo. Ta ce ba makawa sai an haɗa da maharban ƙauyen, su da suka san ramukan. Muka koma zauren Jauro, dattawa sun cika, an kira wani maharbi mai suna Sambo, mutumin kan dutse, gajere mai faɗin kafaɗa.

Hajara ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baffa, ka gaya musu ina son gafiya da ranta, ko wadda aka kashe yanzu-yanzu. Kada a farke cikin. Hanjin nake so da duk abin da ke ciki, da kashin da tsutsar. In ya wuce awa biyu a zafin nan, sun lalace."

Na buɗe baki, na dubi Jauro, na dubi tabarmar da mahaifina ke zama a kai. A ce ɗan wancan bawan Allah ya dawo bayan shekara talatin da furfura, ya zauna a gaban dattawa yana roƙon kashin ɓera, kuma wai 'yarsa mace ce za ta tona? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "'Yata likita ce. Tana bukatar gafiya sabuwa, mai lafiya, don wani bincike."

Jauro ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya dubi Sambo ya ce a yi wa baƙi abin da ya dace.

Washegari da hantsi Sambo ya iso da faifai a rufe da ganye. Ya buɗe, ga gafiya biyar manya, an babbake su, an kankare, an farke, an wanke cikin tas har yana ƙyalli. Ko a gidan biki ban ga gyaran nama mai kyan wannan ba. Hajara ta leƙa cikin ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura.

"Ina hanjin?"

Na tambayi Sambo. Ya yi mamaki, ya nuna karnukansa biyu da ke kwance suna lashe baki. Wa zai kawo wa babban baƙo nama da ƙazantarsa?

"Baffa, ba su gane ba ne. Don Allah ka sake yi musu bayani."

Na ce to. Na juya ga Sambo, ga mutane sun taru suna kallo, na ce, "Mun gode ƙwarai. Amma gobe kada ku wahalar da kanku da gyarawa, ku kawo haka nan." Na yi tsammanin na sami hanyar da zan tsallake rijiya ba tare da na leƙa ta ba. Na manta cewa a ƙasar nan, in baƙo ya ce kada a wahala, kara ce yake yi, kuma amsarta ita ce a ninka wahalar. Kashegari gafiya bakwai suka zo, an gyara su fiye da na jiya, har an barbaɗa musu gishiri da yaji.

Hajara ta shiga ɗaki ta zauna a gaban madubin likitanta, wannan na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, ta fito da kwalbar matan tana juya ta a hannu. Kwana bakwai sun tafi. Na kishingiɗa a rumfa da azahar, barci ya ɗan sace ni, na ga ƙanena, mahaifinta, yana tsaye a gaɓar kogi da kwalbar a hannu, jirginmu na wucewa, yana yi mini magana amma ƙarar inji ta hana ni ji.

Rana ta takwas Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa. Na ce mu je ta sha iska. Kasuwa ce da ke tara kowa: Fulani da ƙoren nono, mutanen dutse da tukwane, masu busasshen kifi daga bakin tafki, Larabawan Chadi da shanu. Muna ratsa layin mahauta sai na ji an kwaɗa kira, "Inu! Inu mai tsoron jini!" Ba mai kirana haka a duniya sai mutum ɗaya. Tanko ne, ɗan mahautan unguwarmu, wanda muka yi makarantar allo tare. Haƙoransa sun zube, amma bakin yana nan yadda na bar shi. Ya goge hannu a gaban riga ya rungume ni, babbar rigata ta ɗauki tambari.

Ya zaunar da mu a benci ya sa aka kawo tsire. Ya tambayi Hajara abin da ya kawo ta, ita kuma da ta sami mai jin Hausa ta zazzage masa komai. Tanko ya saurara yana kaɗa kai. Kamar an aiko shi, sai ga Sambo ya zo wucewa da fatun da ya kawo sayarwa. Tanko ya kira shi ya tambaye shi da Fulatanci, me Alhaji ya ce ku kawo? Sambo ya maimaita maganata kalma-kalma, ba ragi ba ƙari.

Tanko ya ajiye wuƙa. "'Yata, kin san abin da baffanki ya faɗa musu? Cewa ya yi likita na son nama mai kyau."

Hajara ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Baffa, saura kwana biyu."

"Kai Inu, har yanzu ba ka canza ba," in ji Tanko. "Ka je Makka, ka je Gwanja, harshe huɗu a bakinka, ka rasa wanda za ka ce kashi da shi? Ni shekara hamsin hannuna na cikin tumbi. Tsiren da kake ci yanzu, ka ɗauka daga cikin kwalbar turare ya fito? Bari in gaya wa Sambo da kaina, magana ta ƙare."

Na riƙe hannunsa. Na ce a zauren Jauro na karkatar da maganar, a can zan miƙe ta.

Da la'asar muka koma ƙauye, Tanko ya bar wa ƙaninsa teburi ya biyo mu, wai ba za a yi wannan kallo ba shi ba. Zaure ya cika. Na gaisa, na sake gaisawa, na ƙara, har Tanko ya yi gyaran murya. Sai na ce, "Jauro, na yi muku ƙarya don kunya. 'Yata ba nama take so ba. Hanjin gafiya take so, da kashin da ke ciki, domin akwai wata tsutsa a ciki da take nema. Ita ta faɗa tun ranar farko, ni na ɓoye."

Na ji kukan kurciya a waje. Jauro ya kalli yatsun ƙafarsa, sa'an nan ya ce, "Mahaifinka in ya zo sayen gyaɗa, da bakinsa yake cewa wannan buhun akwai ruɓaɓɓiya a ƙasa. Kamun kai na ce, ban ce rufe baki ba." Ya juya ga Sambo. Sambo kuwa dariya yake ƙunshewa. Ya ce, "Jajayen zaren nan? Ai da an faɗa. Ba kowace gafiya ke da su ba. Sai na wajen maɓuɓɓugar ruwa, can sama, inda ƙasa ba ta bushewa. Na gona ba su da komai." Na fassara wa Hajara wannan, ban rage ko wasali ba. Ta zaro ido, ta jawo littafinta ta rubuta. Ta ce shekara uku tana mamakin abin da ya sa ta same su a wuri ɗaya tak.

Rana ta tara Sambo ya hau dutse ya dawo hannu wofi, ramukan da ya haƙa duk sun zarce ƙarƙashin falalen dutse. Rana ta goma, wadda ita ce ta ƙarshe, muka bi shi don kada a ɓata lokaci a hanya. Ni da Tanko muna hawa muna hutawa, yana ce mini tsoho ina ce masa gyatuma. A saman akwai 'yar maɓuɓɓuga a ƙarƙashin wani ɓaure, ruwan na ɗiga a hankali kamar ba ya son a ji. Hajara ta shimfiɗa zani a kan wani faffaɗan dutse ta kafa madubinta. Irin mai ɗaukar haske daga rana ne da wani ɗan gilashi a ƙasa, saboda haka in rana ta faɗa bayan dutse aiki ya tsaya.

Sambo ya tura hayaƙi a rami ya toshe sauran ƙofofin. Kafin azahar ya kama uku da ransu, kumatunsu cike da 'ya'yan itace. Tanko ya ce, "Gafiya, tsira da na bakinki, yau ko shi ba ki tsira da shi ba." Ya ƙi yarda a kashe su haka kawai, ya ce ko ɓera ne rai ne. Ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka, naman ya zama na Sambo. Hajara ta ɗauko almakashinta, Tanko ya kalli yadda ta riƙe shi ya ce, "Kawo nan, 'yata." Ya zaro wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye har ta koma kamar tsinke, ya ware hanjin a faranti mai ruwan gishiri, ya tsaga shi a tsaye daga farko har ƙarshe, bai huda ko'ina ba. Ni aka ba riƙon faranti. Warin ba sai na bayyana muku ba, kuma ban kau da kai ba.

Ta farko ba komai. Ta biyu akwai jajayen zare, a nannaɗe jikin hanjin kamar yadda wake ke hawa karan dawa. Hajara ta dinga tsamo su da gashin buroshi, ɗaya-ɗaya, ta ɗora a gilashi, ta leƙa. "Mace." Ta sake. "Mace." Har goma sha wani abu. Tanko ya ce, "Wannan gida ko mai gidan ya tafi ci-rani ne?" Ba wanda ya yi dariya. Inuwar ɓaure ta fara rarrafowa kan zanin, muka ja kayan gaba. Ta sake cim mana, muka sake ja.

A ta uku ma mata suka yi ta fitowa. Rana ta sauko ta zauna a kan gefen dutse. Hajara ta miƙe ta dafe ƙugu, idonta ya yi ja. Tanko bai bar farantin ba, ya kawo fuskarsa dab da ruwan yana karkata shi ga haske, irin yadda yake duba hanta kafin ya sayar. Ya ce, "Wannan ɗan tsurut ɗin fa, da ya rabe a lungu? Ko datti ne?"

Ta tsamo shi. Bai kai rabin sauran ba. Ta ɗora, ta juya gilashin hasken, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta yi magana, muryarta ta koma irin ta lokacin da take ƙarama.

"Baffa, zo ka gani."

Na durƙusa na rufe ido ɗaya. Da fari haske kawai na gani, zagayayye kamar wata daren sha huɗu. Sai wani abu ya iyo a ciki, ja-ja, jikinsa da layuka a jere kamar kunyoyin gona in ka hango su daga kan tudu. A ƙarshensa wutsiya ta buɗe kamar tafin hannu mai yatsu sirara, fata mai shara-shara a tsakaninsu, tana buɗewa tana rufewa a hankali. Na ga Bahar Maliya, na ga rairayin Agadas, amma ban taɓa jin na yi nisa da gida kamar a wannan leƙen ba. Wannan halitta tana nan cikin duhun hanji tun kafin kakana ya sauke kayansa a Garwa, an yi mata ado cikakke, ba don wani ya gani ba. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda bai yi aikin ganin ido ba."

Hajara ta ce yatsun nan su ne shaida, yadda suka rabu ba irin na kowace da aka sani ba ne. Ta ɗumama sifirit a kan 'yar wuta ta saka shi ciki don ya miƙe sosai, ta ce a Kano za ta auna shi, ta ƙirga layukan, ta zana, ta rubuta bayaninsa, sa'an nan a ajiye shi a gidan adana halittu, duk mai gardama ya je ya gani. Kafin hasken ya ɗauke, idon Tanko ya ƙara samo mata biyu irinsa.

Muna saukowa ta ce, "Baba Tanko, a al'adarmu wanda ya bayyana sabuwar halitta shi ke raɗa mata suna. Ina so in sa naka a ciki, in ka yarda."

Tanko ya tsaya. "Tsutsa za a yi mini takwara da ita?" Ya sosa ƙeya. "To, in dai wannan namijin ne da ya sa mutum huɗu hawa dutse, na yarda. Amma ragon suna Inu zai saya, ni in yanka."

Mun kwana ɗaya a Garwa muka kamo hanya. Ruwa ya ɗan ja baya, jirgi na bin kogi ƙasa ba ya bukatar inji sosai. Hajara ta naɗe kwalbar mazan a auduga ta ba ni, ta ce aljihuna ya fi akwatinta aminci. A rumfar kan iyaka muka tarar da jandarman nan na ranar farko, ga fasinjoji sun yi layi a bayana, har da wasu alhazan Garwa da suka san gidanmu. Ya ga tudun aljihuna ya nuna da baki. Na fito da kwalbar na warware audugar, ya ɗaga ta sama yana ƙanƙance ido.

"Alaji, wannan kuma maganin mene ne?"

Na ce, "Ba magani ba ne. Tsutsa ce daga cikin kashin gafiya. Namiji ne, 'yata ce ta gano shi, ni na riƙe farantin." Na faɗa da Faransanci, na maimaita da Fulatanci saboda na bayana, sa'an nan na faɗa da Hausa don Hajara ta ji abin da na ce.